Yadda Ake Gane Yawan Ram ɗin da Siririyar Laftof Take Buƙata Kafin a Biya Kuɗi

Siririyar laftof, irin wadda nauyinta bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, tana zuwa da wani sharaɗi da ba kowane mai shago ne zai faɗa maka ba: a mafi yawansu, ram ɗin da ka tarar ranar ciniki, wato wurin da take riƙe ayyukan da ke buɗe, shi ne za ta tsufa da shi. Tsofaffin laftof masu kauri suna da 'yar ƙofa a ƙasa, ka kwance noti biyu, ka zare sandar ram, ka sa wadda ta fi ta. Da aka shiga gasar rage kauri da rage cin batir, sai kamfanoni suka koma liƙe ƙwayoyin ram ɗin da dalma a jikin bod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta suke kai. MacBook Air ta farko, wadda Steve Jobs ya zaro daga cikin ambulan a watan Janairun 2008, haka ta zo da giga 2 a liƙe, kuma bayan Intel ya fito da tsarin da ya kira Ultrabook a 2011, sauran kamfanoni suka bi sahu. Don haka a wannan nau'in kwamfutar tun ran gini ake zane. Wanda ya ce "bari in lallaɓa da wannan, in na samu kuɗi na ƙara" sau da yawa sai ya je wurin mai gyara yake jin cewa babu inda za a ƙara.

Ga wanda yake sauri, amsata ita ce: idan ram ɗin a liƙe yake, kada ka sayi ƙasa da giga 16. Idan akwai gurbin ƙari, kana iya farawa da giga 8. Giga 4 a kan Windows wahala ce kawai. Giga 32 kuwa sai in za ka iya faɗin sunan aikin da zai ci shi. Ga yadda za ka tabbatar da wanne ne naka.

Mataki na 1: Raba ram da ma'ajiya

A kasuwa duka biyun "memori" ake ce musu, kuma daga nan ruɗanin yake farawa. Idan mai shago ya ce maka "takwas ce, biyu da hamsin da shida", lambar farko ita ce ram, giga 8, ta biyun kuma ma'ajiya ce, wato SSD mai giga 256. Ma'ajiya ita ke riƙe hotuna, takardu da manhajoji ko da an kashe kwamfuta. Ram kuwa wurin aikin nan take ne, da an kashe wuta ya share. Kamar tela ne: ma'ajiya ita ce durowar da yake jibge yaduka, ram shi ne teburin da yake yanka a kai. In teburin ya yi kaɗan, kowane lokaci sai ya naɗe wani yadi ya mayar durowa kafin ya shimfiɗa wani, aiki ya yi ta tafiyar hawainiya.

Abin da kwamfuta take yi ke nan idan ram ya cika. Ba ta ƙin aiki, sai dai ta riƙa kwashe abin da ba a taɓa ba kwanan nan tana ajiyewa a SSD, in ka koma kansa ta sake ɗauko shi. SSD komai saurinsa bai kama ƙafar ram ba. Shi ya sa alamar ƙarancin ram take da kamanninta: kana cikin manhaja ɗaya lafiya lau, amma da ka ce za ka tsallaka wata sai ta yi tsit na 'yan daƙiƙu, ka koma shafin intanet da ka bari ɗazu ka ga yana sake lodi daga farko, ka danna harafi sai daga baya ya fito.

Ɗaya gefen kuma, wanda masu talla ba sa son a faɗa: ram ɗin da ya wuce buƙata ba ya ƙara gudu. Idan aikinka giga 9 yake ci, kwamfuta mai 16 da mai 32 duk tafiya ɗaya za su yi maka.

Mataki na 2: Rubuta abin da kake buɗewa a lokaci ɗaya

Ba jerin manhajojin da kake da su za ka rubuta ba. Abin da ram yake lissafawa shi ne waɗanda suke buɗe tare. Ɗauki takarda ka tuna ranar da aiki ya fi yi maka yawa. Ɗalibin da yake rubuta furojet, misali, a irin wannan ranar yana da Word a buɗe, da takardun PDF uku ko huɗu, da Chrome mai shafuka goma sha wani abu, da WhatsApp a gefe, wataƙila kuma malami ya kira aji a Zoom. Shi a ganinsa "rubutu kawai nake yi". A wurin kwamfuta kuwa kaya ne mai nauyi.

Babban mai cin ram a yau ita ce burauza. Chrome da Edge suna ware wa shafuka wurinsu daban-daban saboda tsaro, kuma shafi irin na Gmail, Facebook, YouTube ko Google Docs yana iya lashe ɗaruruwan megabait shi kaɗai. Ƙari a kan haka, manhajoji da dama da muke ɗauka masu zaman kansu ne, irin su Teams, Slack da VS Code, a kan injin burauza aka gina su, kowace da nata cikin.

Sannan ka cire kason da ba naka ba tun farko. Windows 11 da 'yan hidimominsa sukan riƙe wajen giga 3 zuwa 4 daga kunnawa, kafin ka taɓa komai. Siraran laftof kuma galibi ba su da katin hoto mai ram nasa, ɓangaren hoton yana cikin furosesa ne, wato ƙwayar da take yi wa kwamfuta lissafi, daga ram ɗinka yake ɗiba. In ka haɗa babban allo na waje, ɗibar ta ƙaru. Ke nan mai giga 8 a takarda, abin da ya rage masa na aiki bai fi rabi ba sosai.

Mataki na 3: Auna, kada ka yi kirdado

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne amfani, kuma kyauta ne. Idan kana da tsohuwar kwamfuta, ko za ka iya aron ta wani na yini guda, ita za ta faɗa maka gaskiya.

Kada ka auna da sassafe daga kunna ta. Bari sai ka yi awa biyu ko uku kana aikinka na yau da kullum, komai a buɗe yadda ka saba. Sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito. Shiga Performance, ka zaɓi Memory. A ƙasan zanen akwai lambobi, huɗu daga cikinsu su ne abin dubawa.

In use shi ne abin da ake amfani da shi yanzu. Available shi ne abin da kwamfuta za ta iya miƙa wa sabon aiki nan take, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Cached kuwa kada ya tsorata ka: Windows ba ya son barin ram a banza, sai ya cika shi da abubuwan da yake tsammanin za ka nema, in an buƙaci wurin ya saki. Mutane da yawa suna ganin wannan su ɗauka ram ɗinsu ya ƙare. Na huɗun shi ne Committed, lambobi biyu da layi a tsakaninsu. Ta hagu ita ce jimillar abin da manhajoji suka nemi a tanadar musu. Yawanci takan ɗara In use, domin manhaja takan nemi fiye da abin da za ta taɓa, saboda haka ɗan wucewa ba komai ba ne. Amma idan kwamfutar mai giga 8 ce, ka ga ta hagun tana zaune a kan 12 ko 13, Available kuma ya sauka ƙasa da giga 1 ya ƙi tashi, to magana ta ƙare: aikinka ya fi ƙarfin giga 8.

Ka maimaita dubawar a ranaku biyu ko uku, ka rubuta lamba mafi girma da ka gani. A kanta za ka ɗora rarar giga 3 ko 4, domin manhajoji ƙiba suke yi kowace shekara, ba sa ramewa, kuma laftof abu ne da ake riƙewa shekara huɗu, biyar.

Idan kana son sanin wane shafi ne yake cinye maka ram a cikin Chrome, danna Shift da Esc kana cikinta, za ta nuna maka kowane shafi da abin da ya ci. Wani lokacin sai ka tarar wani ɗan ƙarin da ka saka wa burauzar ka manta da shi ne yake ɓarnar.

A MacBook, buɗe Activity Monitor ka shiga Memory. Kada ka damu da yawan abin da aka ce an yi amfani da shi, duba zanen Memory Pressure a ƙasa. Kore lafiya, ruwan ɗorawa an fara matsuwa, ja kuwa ram ya gaza. Dubi kuma Swap Used: in kullum yana kan giga da yawa, injin yana jingina da SSD ne.

Tun da kana cikin Task Manager, leƙa sauran layukan, domin ba kowane nauyi ne laifin ram ba. Idan Disk ne yake maƙale a 100% kuma kwamfutar tana da tsohon hadis mai juyawa, maganinta SSD ne, ko ka zuba mata giga 32 ba za ta warke ba. Idan fanka tana ta kuka, ƙasan laftof ɗin ya yi zafi, furosesa tana rage gudu don kada ta ƙone, to ƙura ce ta toshe mata hanci, a buɗe a share mata ƙurar take so. Da zafinmu da ƙurarmu, wannan ya fi yawa fiye da yadda ake zato.

Mataki na 4: Zaɓi lamba

Giga 4. Shi ne mafi ƙarancin da Microsoft ya gindaya wa Windows 11 lokacin da ya fito a watan Oktoban 2021, tare da ma'ajiya giga 64. Ma'anarsa Windows zai tashi, ba wai za ka ji daɗin aiki ba. Sababbin laftof masu arha da ke zuwa da giga 4 a liƙe da ma'ajiyar eMMC, masu sheƙi a kwali, su ne na fi gargaɗin mutane a kansu: ram ya yi kaɗan, ma'ajiyar da za a jingina da ita kuma ba ta da sauri. Chromebook, wato laftof mai tsarin Google maimakon Windows, tana iya lallaɓawa da giga 4, ita ma Google ya sa giga 8 a matsayin ƙa'ida ga jerin Chromebook Plus da ya fito da shi a 2023.

Giga 8. Yana yin rubutu, Excel na lissafin shago, kallon bidiyo, atisayen jarrabawar JAMB, da burauza mai shafuka ƙasa da goma. Ga mai buɗe abu ya rufe kafin ya buɗe wani, zai yi. Matsalarsa ba ta yau ba ce, ta shekara biyu masu zuwa ce. Shi ya sa na ce in da gurbin ƙari ka saya, in a liƙe yake kada ka saya, sai dai in farashin ya faɗi ƙwarai kuma ka san iyakar aikin da za ka ba ta.

Giga 16. Nan ne mazaunin mafi yawan mutane: ma'aikacin ofis, ɗan jarida, malamin jami'a, mai zanen fosta da katin biki a CorelDRAW ko Photoshop, mai koyon rubuta manhaja. Kamfanonin da kansu sun nuna inda aka dosa. A watan Mayun 2024 Microsoft ya ce duk kwamfutar da za ta amsa sunan Copilot+ PC sai tana da aƙalla giga 16. Apple, wanda ya shekara da shekaru yana kare giga 8 a MacBook Air, a watan Oktoban 2024 ya mayar da mafi ƙanƙantarta giga 16 ba tare da ya ƙara farashi ba. Adobe kuma yana rubuta giga 8 a matsayin mafi ƙaranci ga Photoshop, amma 16 yake ba da shawara.

Giga 32. Mai tace bidiyon 4K, wanda shi ma Adobe 32 ya ba shi shawara a Premiere Pro. Mai kunna wata kwamfutar a cikin kwamfuta don gwaji ko karatun tsaron intanet, domin kowace sai an yanka mata nata kason. Mai Android Studio, manhajar ƙera manhajojin waya, da wayar gwaji ta cikin allo da burauza duk a lokaci guda. Mai son sauke manhajar ƙirƙirarriyar basira ta yi aiki a cikin injinsa ba tare da intanet ba: matsakaiciya, wadda aka matse girmanta, ita kaɗai tana riƙe wajen giga 5, manya kuwa sun ninka haka. Wanda yake amfani da ChatGPT a burauza bai shiga wannan lissafin ba, domin aikin a can wurinsu ake yin sa. Sai dai in faɗi ra'ayina: mai irin waɗannan ayyukan kullum, ya tambayi kansa ko siririyar laftof ce ma ta dace da shi, domin kafin ram ya gaza zafi zai riga shi.

Mataki na 5: Gano ko a liƙe yake ko da gurbi

Kada ka dogara da siffa. Akwai siraran da suke da gurbi, akwai masu ɗan kauri da aka liƙe. Nemi cikakken sunan samfurin, yana rubuce a ƙasan laftof ɗin ko a cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka bincika takardar bayanansa a shafin kamfanin. Lenovo yana da rumbun da ake kira PSREF, HP yana da QuickSpecs, Dell yana da littafin gyara na kowane samfuri. Kalmar da za ka nema: in ka ga SODIMM, akwai gurbi. In ka ga onboard ko soldered, a liƙe yake. In nau'in ram ɗin ya fara da LP, kamar LPDDR3, LPDDR4X ko LPDDR5, kusan kullum a liƙe ne. Akwai sabon tsari mai suna LPCAMM2 da yake ba da damar cire irin wannan ram ɗin, ya fara fitowa a ThinkPad P1 ta 2024, amma har yanzu ba kasafai za ka ci karo da shi ba.

Task Manager ma yana ba da haske, a wannan shafin na Memory. Dubi Form factor. In an rubuta SODIMM, da alama sanda ce. In an rubuta Row of chips, ƙwayoyi ne a jikin bod. Layin Slots used kuwa yana yaudara: laftof mai ram a liƙe tana iya nuna "2 of 2" ko "4 of 4" alhali ko gurbi ɗaya babu. Takardar kamfani ta fi shi gaskiya, buɗe murfin ƙasa kuma ya fi duka.

Cikin waɗanda suka cika kasuwannin kwamfutocin da aka yi amfani da su a waje, daga Computer Village ta Ikeja zuwa Banex a Abuja da titin Beirut a Kano, ga yadda wasu sanannu suke. HP EliteBook 840 G5 da G6 suna da gurbi biyu. ThinkPad T480 gurbi biyu. Dell Latitude 5490 da 5400 gurbi biyu. ThinkPad T480s da T490 rabi da rabi ne, wani a liƙe, da gurbi ɗaya na ƙari. ThinkPad X1 Carbon, Dell XPS 13, EliteBook x360 1030 da Surface Laptop duk a liƙe suke. MacBook mai furosesar M1 zuwa sama, ram ɗin yana manne da furosesar kanta, babu zancen ƙari. Haka ma furosesoshin Intel Core Ultra na jerin 200V da suka fito a watan Satumban 2024, da 16 ko 32 ake ƙera su, shi ke nan.

Wani ɗan abu da ya kamata ka sani: sanduna biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai giga 16 sauri, domin furosesa tana ɗiba ta hanya biyu a lokaci ɗaya, kuma ɓangaren hoto na cikin furosesa ya fi kowa cin moriyar hakan. Amma sanda ɗaya mai 16 tana bar maka gurbi a buɗe don gaba. Mai ɗan wasan gem ko tace bidiyo ya ɗauki biyun, mai hangen 32 nan gaba ya ɗauki ɗayar.

Mataki na 6: A cikin shago

Kada ka karanta sitika, kada kuma ka tsaya a kan abin da aka rubuta a kwali. Ka ce, "Alhaji, a kunna mini ita in duba." Tana tashi ka shiga BIOS: a HP ana danna F10, a Dell F2, a ThinkPad F1. A nan za ka ga ainihin samfurin, furosesa da yawan ram, kuma ya fi wuyar a yi masa kwaskwarima fiye da abin da Windows yake nunawa. Bayan nan ka shiga Windows ka buɗe Task Manager ka gwada lambobin biyu. In BIOS ya ce 16, Windows ya ce 15 da ɗigo wani abu ne ake iya amfani da shi, daidai ne, ɓangaren hoto ne ya ɗauki nasa. In kuwa ya ce wajen giga 3 kaɗai ake iya amfani da shi, duba System type a Settings: an ɗora mata Windows 10 mai 32-bit ne, wanda ba ya iya ganin fiye da giga 4. Sake ɗora mai 64-bit yana gyara wannan.

Idan mai shagon ya ce "ai ana ƙarawa", ka ce masa cikin ladabi, "To maigida, a ƙara mini yanzu a haɗa kuɗin gaba ɗaya." In da gurbi, minti goma ne aikin. In babu, a nan za ta bayyana, kafin kuɗinka ya bar aljihu.

Sai gwajin lafiyar ram ɗin. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta mdsched, ka yarda ta sake tashi. Za ta nuna shuɗin allo tana gwaji na kamar kwata ko rabin awa. Ka yi haƙuri ka jira, ko ka nemi garantin kwana biyu a rubuce a kan rasit ka je gida ka gwada da manhajar gwajin ram mai suna MemTest86. A laftof mai gurbi, ram mai matsala canjin sanda ne kawai. A mai liƙe, ciwon bod ne gaba ɗaya.

Yanzu ga inda ake yawan faɗawa rami. An ajiye maka biyu a kan kanta, kuɗinsu kusan ɗaya: mai furosesar Core i7 da giga 8 a liƙe, da mai furosesar Core i5 da giga 16. Sunan i7 yana da daɗin faɗa a majalisa, amma ɗauki i5 ɗin. A siraran laftof, tazarar i5 da i7 na zubi ɗaya, wato waɗanda aka ƙera a zamani ɗaya, ba ta da yawa, zafi ma yakan hana i7 ɗin sakin jiki, alhali bambancin 8 da 16 kullum za ka ji shi. Ka lura da zubin ma: i7-7500U ta zubi na bakwai ƙwaƙwalwa biyu gare ta, i5-8250U ta zubi na takwas kuwa huɗu. Kuma daga zubi na takwas ne Windows 11 ya fara karɓar furosesoshin Intel a hukumance, ga shi Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Lambar farko bayan layin ita ke nuna zubin a waɗannan tsofaffin.

Idan kuɗi ya gaza kuma dole a rage wani abu, rage ma'ajiya. A yawancin siraran laftof na Windows, SSD ɗin ɗan katin M.2 ne da ake cirewa da noti ɗaya, ko ka haɗa na waje ta USB. Giga 16 da SSD 256 ya fi giga 8 da SSD 512 idan ram ɗin a liƙe yake. Ka kuma tambayi farashin sandar ram a ranar, kada ka yi lissafi da na bara: daga ƙarshen 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu suke ƙerawa. Wani lokacin wadda ta zo da 16 ɗinta ta fi arha a kan ka sayi mai 8 ka ƙara.

Mataki na 7: Ƙara ram, idan da gurbi

Fara da sanin nau'in. DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, tsagar da ke tsakiyar haƙoransu ba wuri ɗaya take ba, kuma duk wanda ya danna da ƙarfi zai karya gurbin. Manhajar CPU-Z, kyauta ce, za ta nuna maka nau'i da gudun wanda ke ciki. Sayi mai nau'i ɗaya, gudu ɗaya in ya samu. In gudunsu ya bambanta, duka biyun za su sauko kan na mai ƙarancin. Duba kuma iyakar abin da samfurin yake ɗauka a takardar kamfani.

Kashe ta gaba ɗaya, cire caja. Kwance notocin ƙasa ka jera su a kan farar takarda yadda suke a jikinta, domin tsawonsu yakan bambanta, kuma dogon noti a gajeren rami yana iya huda bod. Ɓalle murfin da tsohon katin roba, ba da wuƙa ba. Abu na farko bayan buɗewa, zare wayar batir daga bod. Taɓa wani ƙarfe kafin ka taɓa ram ɗin, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe har hannu yake ba da tartsatsi in ka taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe sanda.

Gurbin yana da 'yan ƙarafa biyu a gefe da gefe. Ka tura su waje da farce, tsohuwar sandar za ta ɗago kanta a karkace, ka zare ta. Riƙe sabuwar ta gefuna, kada yatsa ya hau haƙoran zinaren. Daidaita tsagar, tura ta a karkace har haƙoran su ɓace cikin gurbin, sannan ka kwantar da ita ƙasa sai ka ji ƙaras. Mayar da wayar batir, rufe, kunna. Tashin farko yakan ɗan jima da baƙin allo, musamman a DDR5, injin yana gwada sabon ram ɗin ne, ba shi minti biyu. In ya ƙi tashi, galibi sandar ce ba ta zauna sosai ba, sake zaunar da ita. Wanda laftof ɗinsa take da garantin kamfani ya karanta sharuɗɗan kafin ya kwance noti.

Mataki na 8: Idan ka riga ka sayi mai giga 8 a liƙe

Ba a jefar da ita ba. A Chrome shiga Settings, sashen Performance, ka kunna Memory Saver, zai riƙa kwantar da shafukan da ka daɗe ba ka leƙa ba. Edge yana da irinsa, Sleeping tabs. Ka tsaya a kan burauza ɗaya. A Task Manager shiga Startup apps ka kashe duk abin da yake tashi da kansa ba ka gayyace shi ba. Maganin bairos guda ɗaya ya isa, kuma wanda ya zo da Windows yana aikinsa. Ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na SSD a sarari, tun da shi ne majinginar ram, kuma kada ka bi shawarar masu cewa a kashe pagefile, wato wurin da Windows yake ajiye rarar ram a SSD, manhajoji ne za su riƙa mutuwa ba sallama. Manhajojin da suke alƙawarin "wanke ram" su ma ka rabu da su: suna kore abin da ke ciki ne zuwa SSD, lamba ta yi kyau a ido, aiki ya ƙara nauyi. Duk bayan 'yan kwanaki ka zaɓi Restart, domin Shut down a Windows ba ya share komai da komai idan Fast startup yana kunne.

Mai giga 4 a liƙe kuwa, Linux Mint, wani tsari da ake ɗorawa maimakon Windows, musamman nau'in Xfce, zai ba ta numfashin da Windows ba zai ba ta ba, matuƙar aikin bai wuce burauza da rubutu ba. Akwai masu gyaran da suke cire ƙwayoyin ram da iska mai zafi su dasa manya. Yana yiwuwa a wasu samfuran, amma aiki ne na ƙwararre mai kayan aiki, wani bod ɗin ma sai an sauya masa saiti kafin ya gane sababbin ƙwayoyin, in kuma hannu ya goce bod ɗin ya tafi. Kafin ka yarda, haɗa kuɗin aikin da na ƙwayoyin, ka gwada shi da abin da za ka cika in ka sayar da ita ka ɗauki mai giga 16.